A Tawa Yana Tafiya

A wani biro, wato ofishin agaji, na Damagaram, shekarar fari, ga wani siririn saurayi daga Yamai, riga tsuke cikin wando, gumi har takalmi. A ordinatarsa, wato kwamfutarsa mai Linux, ya haɗo lojisiyel, manhajar rabon hatsi. Ta biron kuwa Windows ce, ta ce ba ta san zancen ba. Mutane na waje, babu rabo sai ta yarda. Ya jera na'urorin biyu yana daidaita komai, har hoton da ke fuskar allonsu. Ina jin albashin farko bai ma karɓa ba.

"Wallahi a tawa yana tafiya!"

Wata tsohuwa daga garin Tirmini ta leƙo ta taga. "To ɗana, bar mana takar mana."

Ga shi can ya nufi tasha, jaka fayau, yana waiwaye kamar wanda ya sayar da saniyarsa ta ƙarshe.