Tsuntsun Japhet a Tafkin Hanyar Dirin Daji

Ezekiel abokina ne tun muna kiwon awaki a gindin duwatsun Zuru. Ya shiga soja, ni na kama ɗinki. Da ya yi ritaya a 2003 ya dawo da yana a ido, da wani labari da ba ya gajiya da ba ni.

A bakin teku, wajen Kalaba, yana gadi da wani ɗan garinmu, Japhet. In aiki ya lafa sai su zauna kallon wasu fararen tsuntsaye masu wutsiya kamar almakashi, masu faɗawa ruwa su cafko kifi. Iri biyu ne, sai ka lura da baki kake rabe su: ɗaya ja, ɗaya baƙi. Japhet ya ce mai jan baki nasa ne. Zazzaɓi ya kashe shi a can, aka binne shi cikin rairayi, ba a kawo shi gida ba.

Wata kaka Ezekiel ya faɗo shagona yana haki.

"Arzika, aje almakashin nan! Na ji kukan tsuntsayen nan a tafki."

"Soja, teku ta biyo ka Zuru? Balbela ce."

"Balbelar gidanku ka nutso? Taso, idonka nika so, ba bakinka ba."

Muka hau babur. Tsuntsayen suna nan kuwa, can tsakiyar ruwa. Ya riƙe hannuna gam, ya ce in dai mai jan baki ne, to Japhet ya iso gida, shi ma zuciyarsa ta huta. Na ƙura ido har hawaye suka zubo. Nisa ya yi yawa.

"Kamar ja," na ce.

"Ban son kamar. Kai tela ne, ka san zare."

Kaka bayan kaka muna komawa. Shi ya saurara, ni in duba. Ba su taɓa matsowa ba.

A 2007 ciwo ya kwantar da shi. Na tafi ni kaɗai, na kutsa ruwa har ƙirji, suka tashi gaba ɗaya. Na dawo jiƙe, ya shafa rigata, ya gane.

"To?"

"Ban gani ba, Soja."

Ya saki rigata. Sannan ya ce wa matarsa Magdalene ta ba ni busasshiyar riga, kada sanyi ya kama ni. Da ya rasu, a cikin rigar nan tasa na raka shi makabarta.