Takalman Gado na Huɗu

Daga bakin ƙofar ɗakin masu ciwo mai tsanani matar wani direba take kallon ta: wata gajeruwar nas, furfura na leƙowa ta gefen hularta, muryarta a dushe. Ko sunanta ba ta sani ba. Tana koya wa ƙananan nas uku yadda za su zaunar da wani dattijo a bakin gado, ga robar numfashi a wuyansa.

"Malama, ba za a bar shi ya huta ba?" in ji ƙaramarsu.

"Hutun nan ne zai cinye masa ƙafafu, 'yata. Riƙe kafaɗar, idonki a kan na'ura."

Sai babbar nas ɗin ta durƙusa da ƙyar, ta murza hannayenta suka yi ɗumi, sannan ta sa wa dattijon silifas ɗinsa. Wataƙila akwai wani nata da aka taɓa bari ya huta, bai ƙara tashi ba.

Matar direba ta dubi gado na huɗu, inda maigidanta ya kwana tara bai motsa ba. Ta ƙara rungume jakarta. Takalmansa na ciki. Kullum da su take zuwa, ba a dai ce ta miƙo su ba tukuna.