Yaya Isa da kififiyar bakin teku

Shekara takwas ke nan da aka kai Yaya Isa makwancinsa a gabashin Landan, Allah ya jiƙansa. Ni ce ƙanwarsa Rabi, wadda ya ɗauko daga Yauri ya sa a karatun jinya. Direban bas ne, ya fi shekara ashirin yana jigilar mutanen Thamesmead, amma abokansa na masallacin Whitechapel da Sarkin Kunkuru suka san shi. Tsokanar ba ta dame shi ba, kuskuren da ke cikinta ne yake ƙona masa rai. "Kunkuru na tudu ne," haka yake ce musu. "Ta ruwa kififiya ce. Ɗan masunci ne ke gaya muku."

Abin ya faro ne wani hunturu da ya kwashe mu, ni da matarsa da 'yarsu Jamila, zuwa Cornwall wai mu ga teku. Da safe, bayan iska mai ƙarfi ta lafa, muka tarar da wani Bature ya ɗago 'yar kififiya daga cikin ciyawar da ruwa ya watso, ba ta fi faranti girma ba, zai mayar da ita teku. Ni dai na ɗauka matacciya ce. Yaya ya tare shi, ya durƙusa ya shafi gefen idonta, sai fatar idon ta motsa. Aka kira masu ceton dabbobin ruwa. Tsohuwar da ta zo ta ce da an jefa ta da ta mutu, domin ƙananan nan 'yan ruwan ɗumi ne, igiyar ruwa ke kwaso su, sanyi ya sandarar da su. Ba a mayar da su ruwa, ba a kuma kai su gaban hita, a hankali ake ɗumama su. Ta rubuta rana da wuri a littafi, ta ce tun kafin a haife ta mutane ke tara irin wannan bayani. Na ga irin kallon da Yaya yake wa littafin nan. Kafin mu dawo Landan ya sayi nasa.

Daga nan duk hutunsa na shekara a hunturu yake ɗauka, ya tafi yawon bakin teku neman kififiya cikin sanyin da ko Turawa gudunsa suke. Ba zan ɓoye muku ba, wannan ya taɓa raba mu. Wata shekara na ce ya zo mu je gida mu duba Inna, ya ce ya riga ya yi booking ɗin tafiyarsa bakin teku, mu bari sai bayan Sallah. Inna ba ta kai Sallah ba. Na yi watanni ko gaisuwarsa ba na amsawa. Rannan ya zo flat ɗina, ya ƙi kujera, ya zauna a ƙasa.

"Rabi, ba ni da hujja," ya ce. "Na ɗauka da sauran lokaci."

Na tambaye shi me yake samu a can da ya fi uwarsa. Ya ce babu abin da ya fi ta, amma wata goma sha ɗaya yake yi yana kallon bayan motoci, a bakin ruwa ne kaɗai yake tuna shi ɗan waye. Muka yi kuka tare, muka yi wa Inna addu'a.

Yau nakan tambayi kaina me zai ce da yana nan. Kowa da waya a hannu, kififiya na faɗowa bakin teku hotonta ya zagaye gari. Ina jin masu cewa ƙananan sun fi yawan faɗowa yanzu, wasu su ce teku ce ke ƙara ɗumi, wasu su ce idanu ne suka ƙaru. Na san ba zai yi gaggawar ɗaukar ɓangare ba. Yakan bambanta manyan nan masu baya kamar fata, da ke zuwa da bazara don neman abinci, da ƙananan da hunturu ke jefowa, ya ce shekara ɗaya ba ta isa a yanke hukunci a kan ko ɗayansu ba. Abin da zai ɓata masa rai shi ne ledar da ake tararwa a cikin waɗanda suka mutu.

Hunturunsa na ƙarshe ciwon zuciya ya riga ya ci ƙarfinsa. Na hana shi tafiya a matsayina na ma'aikaciyar jinya, ya yi kamar bai ji ba. Da aka yi cancel ɗin jirgin ƙasan da zai hau na ce shi ke nan, Allah ya raba gardama. Ya kalle ni kawai. Na ɗauko makullin mota.

Da muka isa bai iya saukowa ba. Ya zauna a mota da gilashi a ƙasa, ni na taka bakin ruwan daga wannan kai zuwa wancan.

"Ban ga komai ba, Yaya."

"To, a rubuta."

"A rubuta me?"

"Cewa an duba ba a gani ba. In ba a rubuta wannan ba, wa zai san an ma duba?"

Yaya bai bar gida a Abuja ba, bai bar sarauta ba. Littattafansa Jamila ta kai wa masu ceton dabbobin ruwan nan, suka haɗa da na waɗanda suka riga shi, kuma ita ce yanzu ke ɗaukar hutunta a hunturu. Kafin ta kai, mun zauna mun buɗe su shafi shafi. Masu rai da ya tsinta a duk shekarun nan ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Sauran shafukan rana ce da wuri da yanayin iska, shekara bayan shekara, ba tare da ya gaji ba. Shafin ƙarshen kaɗai na roƙa a bar mini. Rubutunsa a karkace yake: "Rabi ta duba. Babu."