Halima Ta Zo Ta Goma

Funtuwa

Tun kafin kiran assalatu Inna ta buga mini ƙofa, sai ka ce ita ce mai tafiyar. Ƙanena Sani ya rasu yana aikin masaƙa a Kaduna, ya bar matarsa Maimuna da 'ya ɗaya, Halima. Da yarinyar tana nan wurin Inna, ita ke zuwa ta ɗaya a ajinsu. Bayan rasuwar sai uwar ta roƙa aka ba ta ita, ta sa ta wata 'yar firamaren gwamnati a Unguwar Talbijin. Kwatsam wani direba ya zo mana da labari, wai Halima ta koma ta goma.

"Ta goma!" in ji Inna. "Sun lalata mini yarinya cikin 'ya'yan da ba mu san iyayensu ba. Je ka ɗauko ta, kada ka dawo mini hannu rabbana."

Ni tela ne, ban iya gardama da tsohuwa ba. Na rufe shago, na karɓi tsarabar daddawa da ta ƙunshe a tsohuwar jarida, na nufi tasha. A raina ma na yarda da ita.

Hanya

Fijo muka shiga, mu biyu a kujerar gaba, ni da wani ɗan tireda mai ƙiba wanda ya cinye rabin wurina bai ce sannu ba. Damina ce, gero ya yi kai har Giwa. A Zariya muka sha koko a tsaye. Gab da Kaduna muka tarar da shingen soja, lokacin mulkinsu ne, kowa ya shiga taitayinsa. Wani ya leƙo ya nuna jakata da baki.

"Wetin yu kari?"

Na buɗe masa. Da ƙamshin daddawar Inna ya buge shi sai ya ja da baya yana fifita hanci, ya ce mu wuce. Direba ya ce daga yau kullum in riƙa biyo shi da wannan ƙunshi.

Kaduna

Da hantsi muka sauka Kawo. Na hau bas zuwa kasuwa, na sake wata wadda ta haye gada. Kogi ya cika ya yi jajir. Maimuna na sayar da shinkafa da wake a bakin wata masaƙa a Kakuri, can na same ta tana zuba wa ma'aikata. Tana ganina ta gane abin da ya kawo ni, ta ajiye ludayi.

"Yaya, ita kaɗai gare ni," ta ce. "Amma ba zan ja da Inna ba. Abu ɗaya nake roƙo, ka je makarantar ka gani da idonka tukuna."

Tausayinta ya kama ni, na ce to.

Unguwar Talbijin

Da na ga makarantar sai na ƙara yarda da Inna. Gini biyu ne kacal, ɗaya iska ta yaye masa rabin kwano, 'yan aji ɗaya na zaune gindin mangwaro. Hedimastan, Malam Yohanna, mutumin Kagoro ne, siriri, allin da ke rigarsa ya fi wanda ke hannunsa. Na sauke masa duk abin da na ƙullo tun daga Funtuwa. Bai katse ni ba.

"Malam Garba," ya ce, "mu nan ba ma gardama da iyaye. Duk wanda ya zo da ƙorafi, aji muke kai shi ya gwada yaran da kansa. Mu je aji biyar."

A hanya yake gaya mini 'ya'yan su wa ke nan: na ma'aikatan masaƙa, na 'yan reluwe, na 'yan sanda, na masu tireda. Akwai Hausawa, da 'yan Zonkwa da Kafanchan, da Tibi, da Ibo, da Yarabawa. Ba ya barin 'yan yare ɗaya su zauna benci ɗaya. Mai ƙoƙari yake haɗawa da mai rauni, in mai raunin bai gane darasi ba, su biyun ake tambaya.

Muna shiga suka miƙe da gaisuwa kamar rufin zai tashi. Halima ta gan ni ta sunkuyar da kai, ta ƙi yin murmushi. Ita ma ta san zancen.

Ban yarda da littafinsu ba, don na san karatun aku. Jaridar daddawa na yago, yara suka toshe hanci suna dariya. Na ce wa ya zo na ƙarshe? Wata 'yar baƙa mai ƙananan kitso ta miƙe, Rifkatu, kuma ita ce abokiyar zaman Halima. Daga wani ƙauye bayan Zonkwa aka kawo ta bara, ko baƙi ba ta sani ba. Ta ɗora yatsa a kan takardar mai maiƙo ta fara, a hankali, tana tuntuɓe tana tashi. Halima na gefenta leɓɓanta na motsi, amma ba ta ba ta satar amsa ba. Yarinyar nan ta kai ƙarshen layi, ta kuma faɗa mini abin da labarin ya ce, zancen takin zamani ne.

Sai na koma sana'ata. Na ce turmin atamfa biyu, kowace mace na son yadi huɗu, mata nawa za su samu? Hannuwa suka tashi ko'ina. Wani ɗan Ibo mai suna Obinna, wanda aka ce shi ne na ɗaya, ya amsa, ya kuma tambaye ni ko da ɗankwali a ciki. Ajin ya fashe da dariya, har ni.

Daga ƙarshe na miƙa wa Halima. A Funtuwa na sha ganin tana karanta littafinta a rufe, muna tafa mata, in ka nuna mata allon shagona kuwa sai ta yi shiru. Yau ga ta tana zuba jarida ba gargada, da muryar ubanta sak. Na juya ina duban taga don kada yara su ga tela na hawaye.

Da aka tashi ta biyo ni. "Baffa, Obinna lissafi kawai ya fi ni, zan kamo shi. Amma in na tafi, wa zai zauna da Rifkatu?"

Na bar ta wurin uwarta. A Tudun Wada na kwana wurin wani abokina tela, na ci tuwon masara da miyar kuɓewa, na yi ta juya yadda zan fuskanci Inna.

Komawa gida

Washegari da la'asar na iso Funtuwa. Inna na zaune a ƙofar ɗaki. Ba ni ta duba ba, bayana ta duba.

"Ina take?"

Na durƙusa na zayyana mata komai, har yagar jaridarta. Na ce Inna, a nan ta ɗaya ce cikin waɗanda ba su iya ba, can ta goma ce cikin waɗanda suka iya, har tana koya wa wata. Ta saurare ni har na gama. Can ta share ido da bakin zane.

"Ita wannan ƙawar tata, uwarta za ta bar ta ta zo hutu?"

Na ce zan tambaya.

"To ka ɗinka musu kaya iri ɗaya."

Na gode wa Allah da ya kai ni lafiya ya dawo da ni lafiya, na kuma gode wa Malam Yohanna da bai yi musu da ni ba. Da safe na buɗe shago na yanka atamfa.