Hannun da Sauro Ya Saba da Shi

Uwar Sauro ake kiranta a cibiyar binciken, alhali dakta ce cikakkiya, mai digiri na uku a ilimin halittu. Tun da ta gama karatu take aikin kwantiragi a ƙarƙashin wani farfesa, wai share fage kafin ta samu nata ɗakin binciken. Share fagen nan ya ƙi ƙarewa.

Aikinta kiwon sauro, a wani ɗaki mai ɗumi marar taga, cike da kejoji na raga da farantan ruwa inda tsutsotsi ke wutsil-wutsil. Sauron farfesan kuwa 'yan gata ne, ba sa shan jinin kwalba sai na mutum. Ranar da aka rasa yadda za a yi, ita ta naɗe hannun riga ta zura hannu cikin keji. Kirkin nan shi ya cuce ta.

Innarta takan shafa mata mai a kumburin tana mita: "Mun kai ki makaranta ki zama dakta, kin dawo mana abincin sauro!"

Sai ga horo ya fito. Za a haɗa masu ilimin halittu da masana lissafi da kwamfuta, su koyi karanta ƙwayoyin gado tare, wanda ya gama kuma a ba shi nasa sashen. Kowane farfesa mutum ɗaya zai tura. Ba a ɗaukar wanda ya daɗe da gama digiri, saboda haka in bana ta wuce ta, shi ke nan.

Ta sami farfesanta a ofis. "Ranka ya daɗe, ina roƙo ni za ka tura."

"Haba Dakta! Ke ce ƙashin bayan wurin nan. In kin tafi wa zai ciyar da su? Sun saba da ke."

Kun ji fa, jama'a! Sauro ya saba da ita. Wallahi da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi. Ya tashi ya tura wani sabon dakta, ɗan gaye, wanda bai taɓa shiga ɗakin sauron ba, wai wari yake sa shi amai.

Ta haɗiye, ta ci gaba da ba da jini. Ɗan gayen ya dawo da kwamfuta a hammata, aka ba shi sashe, aka kuma sa ta a ƙarƙashinsa. Wata safiya ya leƙo daga bakin ƙofa, ya toshe hanci.

"Anti, a ɗan hanzarta ciyar da su mana, kina ɓata min lokaci."

Anti! Ko daktan ma ya cire mata.

Ta sunkuci keji mafi cika, ta bi ta baranda, ta banke ƙofar ɗakin taro, inda farfesa ke yi wa baƙi bayanin yadda yake ɗaga na ƙasa da shi. Ta dire kejin a gabansa, sauron na kuka. Ta nuna wa baƙin hannunta, tabo kan tabo tun daga wuyan hannu har gwiwa, sannan ta sauke hannun rigar ta ɓalla maɓalli.

"Ranka ya daɗe, tun jiya ba su ci ba. Ga ƙofar kejin nan, a hankali ake zura hannu."

Farfesa ya ja kujera baya. "Dakta, me kike nufi?"

"Kada ka damu," in ji ta, tana cire farar rigar aiki. "Ni ma da farko ba su san ni ba. Za su saba da kai."