Ƙuri'ar labule a Jaradiya

Digirina na biyu na yi shi ne a kan Schleswig, wani yanki a arewacin Jamus da Jamusawa da mutanen Denmark suka daɗe suna ja-in-ja a kansa. A Riyad ba wanda ya taɓa tambayata labarinsa, tumatir nake tantance wa wani ɗan kasuwa a kasuwar Aziziya. Sau ɗaya karatun ya yi amfani, in har za a kira shi amfani.

Mu shida ne a wani dogon ɗaki a unguwar Jaradiya, na'urar sanyi guda, mukayyif, tana can ƙurya. Direbobi uku da ke kusa da ita ba sa son a kashe ta. Dattawa biyu magina da ke bakin ƙofa suna kukan sanyin ƙashi. Gadona na bin na dattawan, ni kuwa zafi ƙuraje yake feso mini. Aka yarda a raba ɗakin da labule mai kauri, saura inda za a rataya shi.

Na ce ba wai ina koya wa manya ba ne, amma a Schleswig, bayan yaƙin duniya na farko, ƙuri'a aka kaɗa shiyya-shiyya. Na zana musu shiyya biyu a bayan kwali, gado uku-uku, kowace shiyya ta zaɓi sanyi ko zafi.

"Dakta, wanda ya saɓa wa 'yan shiyyarsa fa?" in ji babban maginin. Ya san ni ba dakta ba ne.

Ina jin nan ya kamata in yi shiru, amma ba na iya ba da tarihi rabi. Na ce a shiyyar arewa dunƙule ƙuri'un aka yi, har wasu garuruwan da suka zaɓi Jamus suka tsinci kansu a Denmark.

"Madalla da Turawa," ya ce. "Yalla, maza, masu son zafi a ɗaga hannu."

A shiyyarmu biyu da ɗaya aka tashi. Na ce, Baba, ai a ɗaya shiyyar ta Schleswig gari-gari aka tsara ƙirgawa, wataƙila a ɗan matso da labulen, gado ɗaya kacal.

"Bayan zaɓe kake kawo sabuwar doka?" in ji wani direba, yana gyara bargonsa.

Na kawo maganar haƙƙin marasa rinjaye. Dattijon ya tambayi abin da aka yi musu a can. Na ce, iya sanina, an bar musu makarantunsu da harshensu.

"To kai ma mun bar maka harshenka."

Ni suka sa na rataya labulen, wai na fi kowa kiyaye awo. Sau biyu na auna kafin in buga ƙusar, na kuma toshe kafar da iskar za ta iya biyowa.