Sharaɗin da Na Ƙara da Kaina

Lokacin da abin nan ya faru ni budurwa ce mai ji da kanta, haifaffiyar Jidda, 'yar direban wani gida a unguwar Abhur. Aikina rabon ɗakuna da kujerun mota ga alhazai da masu umra a wani ofishin jigila. A ce mini wannan tsohuwa ba ta hawa bene, wancan dattijo ba ya nisa da ƙofa, waɗancan biyu sun yi faɗa tun a jirgi, wallahi kafin shayi ya huce na zaunar da kowa. Shi ya sa da na ƙudurta karatun lauya a ƙasar waje, aka ce jarrabawar shiga tana da sashen wasa ƙwaƙwalwa, inda ake ba ka mutane da sharuɗɗa a ce ka jera su, dariya na yi, na ce ai an zo gidana. Babana bai so tafiyar ba da farko. Na yi ta naci, har wata rana yana wanke motar kafilinsa, wato maigidansa, ya ce halas, ya yarda, in je in gwada. Ni kuwa na sa a raina dama ɗaya ce aka ba ni, in ta kuɓuce shi ke nan.

Da wata ƙawata 'yar unguwar Safa muke shiri. Ita sai ta zana kowane sharaɗi a takarda tana tafiyar hawainiya, ni kuwa da ka nake yi ina mata tsiya. Wata rana ta lura kullum ina ware maza gefe mata gefe, ina sa babba gaban ƙarami, ta tambaye ni a ina tambayar ta faɗi haka. Na hau ta da faɗa, na ce abin da hankali ya sani ai ba sai an rubuta ba, kuma ba ita za ta koya mini sana'ata ba. Baiwar Allah ba ta sake tayar da maganar ba.

Ranar jarrabawa aka kawo tambaya kan mutum shida, maza da mata, za a raba su bibbiyu a kwalekwale uku. Nan da nan na gama rabona. Da na ga amsata ba ta cikin zaɓin wata tambaya, ko a jikina, na ce masu jarrabawar ne suka yi kuskure. Ku ji ƙarfin hali! Da yamma muna zaune bakin teku ina ba ƙawata labari, sai ta ce ai sharuɗɗan ba sa cika sai an haɗa mace ɗaya da namiji ɗaya a kwalekwale guda. Ni ko tunanin haka ban yi ba, domin a wurin aikina ba a haɗa mace da wanda ba muharraminta ba, hannuna ya saba. Duk tambayoyin da ke ƙarƙashin wannan rabo a kansa suka dogara. Da sakamako ya fito, bai kai abin da makarantar take nema ba.

Na yi kuka, na tattara littattafan na cusa a kwali. Wata da watanni ban ƙara ambaton lauya a gidanmu ba, ko ido ba na son haɗawa da babana. Sai wata safiya yana kai ni aiki ya tambaye ni yaushe zan sake zama. Na ce ai na ɗauka sau ɗaya ya yarje mini. Ya juyo ya dube ni, ya ce wa ya gaya mini haka, shi cewa ya yi in gwada, bai yanka mini adadi ba. Ashe duk tsawon lokacin nan jirana yake, ya zaci ni ce na haƙura, ba ya son ya matsa mini. A ranar na duba, an riga an rufe karɓar ɗalibai na wannan shekarar. Wannan ya fi faɗuwar yi mini ciwo.

Na koma wurin ƙawata na ba ta haƙuri, na zauna ina zana sharuɗɗa kamar yadda take yi. Na sake zama na ci, yau ina karatuna, kuma ba na shakkar kaina ko kaɗan, kaifin nan yana nan. Abin da na rage shi ne cusa wa magana abin da ba ta ce ba. Don haka 'yan uwana masu shirin irin wannan jarrabawa, ku bar al'adar gida da ta wurin aiki a bakin ƙofa, ku yi aiki da abin da aka rubuta kawai. A gida kuma, in iyayenku sun yi magana ba ku gane iyakarta ba, ku buɗe baki ku tambaya. Shekara guda na rasa a kan dokar da babana bai taɓa kafa mini ba.